Kafin alƙali ya raba mai jego da jaririnta

Da misalin ƙarfe 2 na daren 30 ga Janairun 2008, wata yarinya 'yar shekara 18 ta haihu a wani asibiti a birnin Nottingham na ƙasar Ingila. Bayan kamar awa biyu aka ɗauke jaririn daga wurinta. Babu umarnin kotu, ba ɗan sanda ne ya ɗauke shi ba, ita ma ba ta ce ta yarda ba. Ma'aikatan asibitin sun bi wata takarda ce da jami'an walwalar yara na ƙaramar hukuma suka tsara tun tana da ciki. Da rana ta yi, lauyoyinta suka kai magana gaban Mai Shari'a James Munby na Babbar Kotu a Landan, shi kuwa ya ce a mayar mata da ɗanta nan take. Hujjarsa ita ce, komai kyan niyyar ma'aikaci, doka ba ta ba shi ikon raba uwa da ɗanta don kawai an zauna a ofis an yanke shawara ba. Kwanaki kaɗan bayan haka ƙaramar hukumar ta bi hanyar da ta dace, ta je kotu, aka ba ta umarnin riƙo na wucin gadi, yaron ya koma hannun masu riƙo.

Tun daga wannan shari'a ba a ƙara jayayya kan cewa alƙali ne zai yanke irin wannan hukunci ba, kuma haka ya kamata. Abin da ke damuna shi ne irin zaman da alƙalin ke yi. Sau da yawa zama ne na gaggawa, a ranar haihuwa ko kashegari, uwa na kwance da ɗinki, lauyanta bai gama karanta takardu ba, shaidu ba su cika ba. Ana kiran abin da ya fito daga wannan zama mataki na ɗan lokaci, alhali a rayuwar jariri shi ne yake shata hanyar da sauran shari'ar za ta bi. Ina ganin dole hukuma ta kasance da wannan iko, domin akwai jariran da barin su a gida kisa ne. Amma hukuncin da ya fi kowane nauyi a shari'ar bai dace ya zama shi ne aka fi yi a gurguje ba.

Lamarin ba na 'yan tsiraru ba ne. Binciken da Farfesa Karen Broadhurst da abokan aikinta na Jami'ar Lancaster suka fitar a 2018 ya nuna cewa jariran da ba su cika mako guda ba da aka shigar da ƙarar riƙonsu a Ingila sun tashi daga 1,039 a shekarar 2007/08 zuwa 2,447 a 2016/17. Wato daga kamar 15 cikin kowace haihuwa 10,000 zuwa 35. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne mutuwar Peter Connelly, yaro ɗan wata 17 da aka azabtar har ya rasu a unguwar Haringey ta Landan a 2007 alhali hukuma na sane da gidan. Bayan surutun da ya biyo baya, kowane ma'aikaci ya shiga tsoron kada sunansa ya fito a jarida, ƙararraki suka yi sama. Binciken ya kuma nuna bambanci mai faɗi tsakanin yankuna: arewacin Ingila, inda talauci ya fi kamari, ya fi Landan da kudu maso gabas yawan irin wannan ƙara nesa ba kusa ba. Wani bincike da suka yi daga baya ya gano cewa a 2019/20, kusan ɗaya cikin kowane shida na irin waɗannan jarirai an saurari batunsu ne a ranar da aka shigar da ƙarar.

Tushen gaggawar yana cikin dokar kanta. Tun 1988 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta yanke cewa kotu ba ta da hurumi kan abin da ke cikin ciki. Ko da hukuma ta san tun ciki na wata uku cewa za ta nemi karɓar jaririn, ba za ta iya shigar da ƙara ba sai ya faɗo duniya. A ɗaya gefen kuma asibitocin Ingila ba sa riƙe mai jego: wadda ta haihu lafiya ana iya sallamarta cikin yini guda, wadda aka yi wa tiyata kwana ɗaya ko biyu. Sai ungozoma ta bugo waya ta ce ana bukatar gadon, lauyan hukuma ya ruga kotu ya nemi a gajarta wa'adin sanar da iyaye.

Dokar Yara ta 1989 ta buɗe ƙofofi uku na tilas. Sashe na 46 ya ba ɗan sanda ikon ɗauke yaro, ko hana a fitar da shi daga inda yake, na awa 72 ba tare da kotu ba. Sashe na 44 shi ne umarnin kariya na gaggawa, kwana 8, ana iya ƙara kwana 7 sau ɗaya tak. Sashe na 38 shi ne umarnin riƙo na wucin gadi, wanda aka fi amfani da shi. Da shi ƙaramar hukuma ke samun ikon iyaye tare da uwa da uba, kuma maganarta ce ke rinjaye kan inda yaro zai kwana. Kafin 2014 sai an sabunta shi, farko bayan mako 8, daga nan kowane mako 4. Yanzu alƙali na iya ba da shi har zuwa ƙarshen shari'a. An yi gyaran don rage zirga-zirgar takardu, amma ya cire wata dama da ke tilasta a riƙa waiwayar hukuncin.

Akwai ƙofa ta huɗu, wadda ta fi ba ni tsoro, ita ce sashe na 20: uwa ta sa hannu da kanta cewa hukuma ta riƙe mata ɗa. A wata shari'a ta birnin Coventry a 2012, wata uwa ta ƙi amincewa da farko. An yi mata tiyatar ceton rai, aka yi mata allurar mofin don rage zafi, sai aka dawo mata da maganar, ta ce to. Hukumar da kanta ta amsa cewa ta keta haƙƙin uwar da na jaririyar. Mai Shari'a Hedley ya kafa sharuɗɗa: ma'aikaci ya tabbatar uwa na cikin hayyacinta, ta fahimci abin da za ta sa wa hannu da abin da zai biyo baya in ta ƙi, kuma rabawar kanta ta cancanta. Shi ma Munby, a zama na biyu kan shari'ar Nottingham, ya ce shirun da mace ta yi don ba ta da yadda za ta yi ba amincewa ba ce. Duk wanda ya san halin mai jego a awannin farko, ya san ba lokacin sa hannu kan irin wannan takarda ba ne, balle wadda Turancinta bai nuna ba kuma ba a kawo tafinta ba.

A gaban alƙali tambayoyi biyu ne, kuma cakuɗa su shi ne kuskuren da aka fi yi. Ta farko: akwai dalili mai ƙarfi na zaton yaron na cutuwa sosai, ko zai cutu, saboda irin kulawar iyayensa? Wannan ma'auni ba shi da tsauri, zato mai tushe ya isa. Uwa mai shan hodar iblis har wata na tara, ko wadda aka samu karayar haƙarƙari a jikin ɗanta na fari ba tare da bayani ba, an wuce wannan mataki cikin minti biyar. Ta biyu ita ce mai wuya: shin sai an raba su yau ne yaron zai tsira? Ana iya ba da umarnin riƙo jariri kuma ya ci gaba da zama a jikin uwarsa, a gida ko a wani wuri da ake sa ido.

Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai ta daɗe da magana kan wannan. A shari'ar K da T da ƙasar Finland a 2001, inda aka ɗauke jaririya daga uwa mai lalurar ƙwaƙwalwa tun a ɗakin haihuwa, kotun ta ce mataki ne mai tsananin gaske da ke bukatar dalilai masu ƙarfi fiye da na kullum. A 2002, a shari'ar P, C da S, ta samu Birtaniya da laifi kan wata jaririya da aka haifa ta hanyar tiyata a Mayun 1998 aka ɗauke ta a ranar. Abin lura shi ne kotun ba ta ce tsoron hukuma ba shi da tushe ba. An taɓa samun uwar da laifin cutar da wani ɗanta a Amurka. Abin da ta ce shi ne, matar na kwance ba ta iya tashi, ta zubar da jini, hawan jini ya kama ta, me ya hana a bar jaririyar a asibiti kusa da ita ana sa ido? A 2019 Mai Shari'a Peter Jackson na Kotun Ɗaukaka Ƙara ya tattara ƙa'idojin wuri guda: umarnin wucin gadi na abin da ba zai jira ƙarshen shari'a ba ne kawai, bai kamata ya fifita wani ɓangare ba, rabawa sai in lafiyar jiki ko ta zuciyar yaron ta tilasta, kuma wajibi ne hukuma ta faɗa wa kotu duk wata hanya da ke akwai da za ta sa ba sai an raba ba.

Ƙa'idojin ba su da aibu. Ga dai yadda ranar take kasancewa. An haifi yaro daren Alhamis. Safiyar Juma'a an shigar da ƙara, an sa zama ƙarfe 2 na rana. Doka ta ba iyaye lauya kyauta ba tare da duba abin hannunsu ba, amma lauyan da aka samu yau ya fara jin sunan matar. An turo masa takardu masu kauri da tsakar rana. Uwa na da zaɓi biyu: ta bar jaririn a asibiti ta hau tasi zuwa kotu tana zubar da jinin biƙi, ko ta shiga zaman ta bidiyo daga wani ɗan ɗaki a gefen ɗakin masu jego, wayar a hannu ɗaya, jaririn a ɗaya. Wakilin da hukumar Cafcass ke naɗa wa yaro don ya kare muradinsa shi ma ɗazu aka ba shi aikin, bai ga uwar ba, bai ga gidan ba. Alƙali na da wasu ƙararraki a layi. Ba a cika kiran shaidu ba, jawabin lauyoyi ake ji. In aka tambayi hukuma ko ta nemi gidan da zai karɓi uwa da jariri tare, sai a ce an nema ba a samu ba, kuma ba wanda ke da lokacin bin diddigin gidaje nawa aka tuntuɓa. A irin wannan hali alƙali mai tsoron Allah ma abin da ya fi kama da kariya zai zaɓa, ya ce a kai yaro hannun masu riƙo kafin a gama bincike.

Daga wannan yammaci abubuwa ke fara sauyawa ta yadda ba sa komawa. A fara da nono. Sabon jariri na sha sau 8 zuwa 12 a yini da dare. Kwanakin farko dakashi ne, nonon sosai na saukowa wajen kwana na uku, kuma yawan tsotso ne ke riƙe shi. Uwar da ke ganin ɗanta 'yan lokuta a mako, awa ɗaya da rabi ko biyu, in ba ta da injin tatsa da firij da wanda zai kai madarar, nonon zai ƙafe cikin makonni. Tun 2003 Munby ya ce in hukuma ta shiga tsakani to wajibi ne ta shirya yadda uwa mai son shayarwa za ta shayar, kuma ya fayyace cewa shayarwa ta gaskiya yake nufi, ba tatsa a kwalba ba. A aikace kuwa gidan masu riƙo na iya zama tafiyar awa guda, kuma yawo da jariri a mota kullum shi ma wahala ce gare shi. Sai a rage ganawar don sauƙin yaron, abin da ya rage wa uwa ya ƙara tsukewa.

Ganawar ma a wata cibiya ake yi, ma'aikaci na zaune a kusurwa yana rubutu. Jariri ya saba da ƙamshi da muryar mai riƙonsa, ya zo hannun uwarsa yana kuka, ta rasa yadda za ta rarrashe shi ga ido a kanta. A rubuta cewa ta kasa kwantar masa da hankali. Bayan wata shida wannan rubutu ya zama shaida. Doka ta 2014 ta ce a gama shari'a cikin mako 26, amma a 2022 da 2023 matsakaicin lokacin ya haura mako 40. Kafin ranar hukuncin ƙarshe yaron ya fara rarrafe a wani gida, ya shaƙu da wasu, kuma masana za su faɗa wa kotu, da gaskiyarsu, cewa sake ɗaga shi cutarwa ce. Binciken Lancaster ya nuna kusan rabin waɗannan jarirai sun ƙare ne da hukuncin a ba da su ga wasu iyaye har abada. A Ingila ana yin haka ko da iyaye ba su yarda ba, kuma yana yanke dangantaka ta doka ɗungurungum. Uwar kuwa, wadda aka sallama hannu rabbana, ba kasafai ake bin ta da magani ko shawara ba. Kusan ɗaya cikin huɗu na irin waɗannan mata na dawowa kotu da wani jaririn cikin shekara bakwai.

Masu ganin ana wuce gona da iri wajen tausayin iyaye suna da hujjar da ba a ture ta. Finley Boden an ɗauke shi daga iyayensa kwanaki kaɗan bayan haihuwarsa a Fabrairun 2020 a yankin Derbyshire. A kakar shekarar kotun iyali ta ce a mayar da shi cikin mako 8, alhali hukuma ta nemi wata huɗu. Kwana 39 bayan komawarsa gida, ranar Kirsimeti, ya rasu da raunuka 130 a jikinsa yana ɗan wata 10. An samu uwa da uban da laifin kisa a 2023. Jariri ba ya gudu, ba ya faɗa wa maƙwabta, girgiza ɗaya ta fushi na iya lalata masa ƙwaƙwalwa. Duk mai cewa kada a taɓa raba uwa da jariri bai ga abin da likitocin yara ke gani ba. Sai dai abin da shari'ar Finley ke koyarwa shi ne haɗarin yanke hukunci kan bayanan da ba a tantance ba, a lokacin da kullen korona ya rage ziyarar gida. Wannan haɗari yana cin ɓangarori biyu, wanda aka mayar bai kamata ba da wanda aka ɗauke bai kamata ba.

Maganin yana cikin watannin ciki. A 2016, a wata shari'ar ta Nottingham kuma, Mai Shari'a Keehan ya yi wa hukuma faɗa kan jinkiri, ya ce a fara tantance iyaye da zarar an san da cikin, a gama aƙalla mako 4 kafin ranar haihuwa, a ba iyaye da lauyoyinsu sakamakon, kuma in za a shigar da ƙara kada ta wuce kwana 5 bayan haihuwa. In aka bi wannan, ranar zaman kotu ba ta zo wa kowa da ba-zata. Uwa ta san lauyanta, an gwada ta, an san wa zai taimaka mata. Inda ake faɗuwa shi ne wasu hukumomin ba sa buɗe fayil sai ciki ya tsufa, ma'aikaci ya sauya sau biyu ko uku, wasiƙar gargaɗi da ke ba iyaye damar samun lauya ta iso saura mako biyu.

Ni a ganina, in ba barazana ce ta nan take ba, kamar uwar da ta furta za ta hallaka jaririn ko wadda ke shirin sulalewa da shi, bai kamata a yi zaman rabawa a ranar haihuwa ba. Dokar ta riga ta ba da abin da za a riƙe ƙafa da shi: umarnin gaggawa na iya hana fitar da jariri daga asibiti ba tare da an ɗauke shi daga uwarsa ba. Kwana uku ko huɗu a ɗaki na gefe, da ma'aikaci mai sa ido da hukuma ke biya, sun isa lauya ya karanta takardu, wakilin yaro ya ga uwa. Jaririn da aka haifa da ƙwaya a jininsa dama sai an riƙe shi kwanaki ana duba ko zai fara rawar jiki da kuka mai tsanani. Asibitoci za su ce ba su da gado, kuma gaskiya ne, amma kuɗin gado na kwana huɗu ba ya kama ƙafar kuɗin riƙon yaro na shekara 18.

Sai kuma a tilasta wa hukuma ta rubuta, ɗaya bayan ɗaya, hanyoyin da ta gwada da dalilin da kowace ta gaza. Akwai masu riƙo da ke karɓar uwa da jariri tare a gidansu. Akwai gidajen tantancewa inda ake sa ido dare da rana, galibi mako 12, da kotu ke iya umarni da su a ƙarƙashin sashe na 38(6), ko da yake suna cin dubban fam a mako. Akwai sassan asibitin ƙwaƙwalwa da ke kwantar da mai jego tare da ɗanta. In mijin ne matsalar, sashe na 38A ya ba kotu ikon fitar da shi daga gidan a bar uwa da jariri, maimakon a hukunta matar da ake duka kan cewa ta kasa kare ɗanta. Ga masu shaye-shaye akwai kotu ta musamman da aka fara a Landan a 2008, inda alƙali ɗaya ke ganin iyaye kowane mako biyu tare da masu magani.

Gwajin gashi na gano shan ƙwaya ma a yi hattara da shi. Gashi na tsiro kamar santimita ɗaya a wata, don haka ana yanka shi gunduwa-gunduwa a ce ga abin da aka sha a wata kaza. Amma baƙin gashi ya fi farin gashi riƙe wasu ƙwayoyi, man gashi da rini na sauya sakamako, hayaƙin wani a ɗaki na iya barin alama. Mace baƙar fata da aka kawo wa irin wannan sakamako tana da haƙƙin lauyanta ya tambayi masanin yadda ya lissafa waɗannan.

Hausawa da sauran 'yan Najeriya da Nijar da Gana da ke zaune a Ingila, musamman waɗanda suka je karatu ko aikin kula da tsofaffi a 'yan shekarun nan, wannan doka ta hau kansu komai irin bizarsu. Yawancinsu ba za su taɓa haɗuwa da ita ba. Wanda ta taɓa kuwa, abin da ya fi cutar da shi shi ne ɓoyewa. A gida ɓoye ƙaramin ciki kunya ce da kawaici. A can, rashin zuwa awo sai ciki ya tsufa ana rubuta shi a matsayin alamar haɗari. Ƙin buɗe wa ma'aikaci ƙofa, ko tsallakawa wata ƙasa gab da haihuwa, yakan zama hujjar da ake nema ta cewa za a gudu da yaro.

Abu na biyu shi ne dangi. Dokar ta ce in yaro ba zai zauna da iyayensa ba, a fara duba 'yan'uwa kafin bare. Amma sai an kawo sunayensu, kuma da wuri. Iyaye da yawa na jin nauyin a ji a gida cewa hukuma ta shigo musu, sai su yi shiru har wata na biyar, sannan a tuna da yaya a Manchester ko Hajiya a Kano. A lokacin an makara, domin tantance dangi, balle wanda ke wata ƙasa, na cin watanni: a ga gida, a duba lafiya, a nemi takardar 'yan sanda, a warware batun biza. Tsarin da muka gada, mace ta koma gidan iyayenta wankan jego har arba'in, ko uwa ta zo ta zauna da ita, shi ne daidai irin shirin da alƙali ke son gani, muddin an rubuta shi dalla-dalla: wa zai kwana da jariri, wa zai hana mijin shiga, wa zai kira hukuma in abu ya ɓaci. Kakar da ta zo kotu tana cewa 'yarta ba ta da wata matsala ta faɗi gwajin tun a nan, domin abin da ake auna shi ne ko za ta iya cewa a'a ga 'yar cikinta.

Batun addini yana da madafa. Dokar ta hana hukuma rainon yaro kan addinin da ba na iyayensa ba ko sauya masa sunan dangi, ta kuma ce a duba addini da harshe da al'ada wajen zaɓar gida. Iyaye ne ke raɗa suna, kuma ana iya neman a sa ganawa ta dace da ranar bakwai. Sai dai gidajen Musulmi masu riƙo ba su wadata ba, wannan kuwa aikin al'ummar ne da masallatanta. Ga dangin da ke ƙin a mayar da yaro ɗan wasu a shari'ance, akwai umarnin riƙo na musamman da ya fara aiki a 2005, wanda ke ba kaka ko gwaggo ikon reno har yaro ya kai 18 ba tare da an goge sunan iyayensa ba. Iyayen da ba 'yan ƙasa ba na iya neman a sanar da ofishin jakadancinsu.

A Najeriya Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 ta ɗauko yawancin wannan tsari, da umarnin gaggawa da na riƙo da kotun iyali a matakin majistare da na Babbar Kotu, jihohi kuma suka yi nasu, Kano a 2023. Fiƙihun Malikiyya ya riga ya jera masu haƙƙin reno, uwa, sai uwarta, sai 'yar'uwar uwa, kafin a juyo dangin uba, kuma ya sharɗanta hankali da amana. Jaririn da ke faɗawa hannun gwamnati a nan galibi tsintacce ne, ko na mace mai taɓin hankali da ta haihu a tasha ko bakin kasuwa. Wannan ta biyun ita ce ta fi bukatar alƙali, domin ciwonta na iya warkewa da magani, ta dawo tana tambayar ɗanta. Majistaren da aka kawo wa irin wannan ya kamata takardarsa ta nuna inda aka kai jaririn da sunan wanda ya karɓa, asibitin da aka kai uwar, wanda aka ɗora wa neman danginta ta hannun mai unguwa, ranakun da za a kai mata shi ta gani in likita ya yarda, da ranar da kowa zai dawo gabansa, kada ta wuce mako huɗu.